Rundunar ECOWAS: A Rubuta Kason Kowa Kafin A Ƙara Kujeru

A ƙarshen watan Yunin shekarar 2024, ministocin tsaro da takwarorinsu na kuɗi daga ƙasashen Ƙungiyar Bunƙasa Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, sun yi taro a Abuja domin duba yadda za a kafa rundunar ko-ta-kwana da za ta yaƙi 'yan ta'adda a yankin. A wajen taron, ministan tsaron Nijeriya na wancan lokaci, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, ya gabatar da lissafi iri biyu. Na farko, runduna mai sojoji 5,000 wadda za ta riƙa cin Dalar Amurka miliyan 2,600 a kowace shekara. Na biyu kuwa, ƙaramar runduna mai sojoji 1,650 wadda za ta ci Dala miliyan 481. Idan aka raba adadi na farko a kan yawan sojojin, kowane soja ɗaya zai tashi a kan Dala dubu 520 a shekara.

Wannan lissafi ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin yawancin kuɗin da ECOWAS take tafiyar da harkokinta da su daga aljihun masu shigo da kaya suke fitowa. Bisa yarjejeniyar da shugabannin ƙungiyar suka sanya wa hannu a shekarar 1996, ana karɓar harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan duk kayan da aka shigo da su daga wata ƙasa da ba ta cikin ƙungiyar. Ke nan ɗan kasuwar da ya sauke kayan Naira miliyan 100 a tashar jiragen ruwa ta Apapa, zai biya Naira dubu 500 domin ECOWAS, ban da kuɗin fito da sauran haraji na gwamnatin tarayya. Duk ranar da aka tashi neman kuɗin sabuwar runduna, hanyar da za ta fi wa gwamnatoci sauƙi ita ce su ƙara wannan haraji, daga nan kuma ƙarin ya sauka a kan farashin kaya a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Wuse.

Babu shakka Nijeriya ce za ta ɗauki kaso mafi girma na kowace runduna da aka kafa a wannan yanki, kuma ba laifi ba ne ta ɗauka. Abin da ya cutar da ita a baya shi ne ɗaukar nauyin da ba a rubuta ba, ba a ƙayyade ba, ba a kuma binciki yadda aka kashe kuɗinsa ba. Saboda haka kafin a ƙara haraji, kafin kuma a ƙara kujeru a teburin ƙawance, ya wajaba a rubuta kason kowace ƙasa a fili.

Abin da ECOMOG ta ci

Tun a shekarar 1981, a birnin Firitawun, ƙasashen ECOWAS suka ƙulla yarjejeniyar taimakon juna ta fuskar tsaro, wadda ta ce harin da aka kai wa ƙasa ɗaya tamkar an kai wa dukansu ne. Yarjejeniyar ta tanadi rundunar haɗin gwiwa, amma ba a kafa ta ba, ba a kuma ware mata ko sisi ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Laberiya a watan Disambar 1989, sai aka wayi gari akwai alkawari a takarda, babu runduna, babu asusu. A cikin gaggawa wani kwamitin shugabanni ya zauna a Banjul a watan Agustan 1990 ya kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, kuma a cikin watan ne sojojin Nijeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya suka sauka a Monrobiya. Ƙasashe biyar ke nan daga cikin goma sha shida da ke ƙungiyar a lokacin.

Sauran ba duka ne suka tsaya kallo kawai ba. Daga ƙasar Kodebuwa Charles Taylor ya tsallaka ya fara yaƙinsa, kuma gwamnatin Blaise Compaoré ta Burkina Faso ta taimaka masa. Ashe kuwa wasu 'yan ƙungiyar suna zubar da jini da dukiya domin kashe wuta, wasu kuma suna ba mai hura ta itace.

Kwamandan farko na ECOMOG ɗan Gana ne, Laftanar Janar Arnold Quainoo. Bayan da mayaƙan Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe a hedkwatar rundunar a watan Satumbar 1990, sai Nijeriya ta karɓi ragama a ƙarƙashin Manjo Janar Joshua Dogonyaro, kuma daga nan jagoranci da yawancin sojoji da kusan dukan kuɗin suka koma wuyanta. Haka lamarin ya kasance a Saliyo, inda ECOMOG ta kori sojojin da suka yi juyin mulki ta maido da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah a shekarar 1998. A can an kai matsayin da sojojin Nijeriya suka kai kimanin 12,000 daga cikin kusan 13,000, kuma an ƙiyasta cewa aikin yana cin Nijeriya wajen Dala miliyan ɗaya a kullum. A shekarar 1999 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta bayyana cewa ƙasar ta kashe kimanin Dala miliyan dubu 8 a Laberiya da Saliyo, ban da ɗaruruwan sojojin da suka rasa rayukansu.

Ya kamata a tuna da halin da ƙasar take ciki a wancan zamani. Shekaru ne na shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira tana ta faɗuwa, bashin ƙasashen waje ya yi katutu, masaƙun Kaduna da Kano sun fara jin jiki. Daɗin daɗawa, mulkin soja ake yi, babu majalisar da za ta tambayi nawa aka fitar, wa ya karɓa. Kwamitin Dakta Pius Okigbo ya gano a shekarar 1994 cewa kimanin Dala miliyan dubu 12.4 sun bi ta wasu asusu na musamman da ke wajen kasafin kuɗi tsakanin 1988 da 1994. A ƙasar da ake kashe kuɗi ta irin wannan hanya, yana da wuya a tabbatar da ainihin abin da yaƙi ya ci, balle a kai wa ƙawaye takardar bashi su biya nasu kaso.

Wani abin lura kuma shi ne abin da ya faru da Nijeriya ta fito fili ta ce ta gaji. A watan Satumbar 1999 Shugaba Obasanjo ya shaida wa babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa nauyin Saliyo yana tatse ƙasarsa, ya kuma fara janye sojoji. Wata guda bayan haka Kwamitin Sulhu ya kafa rundunar Majalisar a Saliyo, wadda daga bisani ta kai sojoji 17,500, kuma bataliyoyin Nijeriya da suka rage suka koma ƙarƙashinta, Majalisar tana biyan kuɗinsu. A Laberiya ma a shekarar 2003, sojojin Nijeriya sun sauka a watan Agusta, Majalisar ta karɓi aikin a ranar 1 ga Oktoba. Muddin Nijeriya tana biya shiru, duniya ta bar ta da kayanta. Da ta ajiye lissafi a kan tebur, sai aka samu masu kama mata.

Dalilin da ya sa babba yake biya

Wannan hali bai taƙaita ga Afirka ta Yamma ba. A shekarar 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, Mancur Olson da Richard Zeckhauser, sun yi nazarin Ƙungiyar Tsaro ta NATO, suka nuna cewa a kowane ƙawancen soja babbar ƙasa takan biya fiye da kasonta, ƙananan kuma su biya ƙasa da nasu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san zaman kasuwa. Idan layi guda yana da attajiri mai manyan shaguna da kuma masu tireda goma, attajirin zai ɗauki maigadi ko sauran sun ba da gudummawa ko ba su bayar ba, domin shi ne zai fi kowa asara idan ɓarayi suka shigo. Maigadin kuwa ba zai iya tsare shagon attajiri ya bar ɓarawo ya fasa na maƙwabci a gabansa ba. Da yake masu tireda sun san haka, kowannensu sai ya noƙe, ya jira attajiri ya biya.

Nijeriya ita ce attajirin wannan layi. Fiye da rabin jama'ar ECOWAS 'yan Nijeriya ne, ita ce mafi girman tattalin arziki, ita ce mai rundunar soja mafi yawa. Idan wuta ta kama a maƙwabta, 'yan gudun hijira da makamai da 'yan bindiga kan ƙare a ƙofarta. Sansanin Oru da ke Jihar Ogun ya karɓi 'yan Laberiya tun daga shekarar 1990. Idan kuma zaman lafiya ya samu, ita ke fi cin riba, kamar yadda bankunan Nijeriya irin su UBA da GTBank suka buɗe rassa a Monrobiya da Firitawun bayan yaƙi. Saboda haka masu cewa Nijeriya ta zare hannunta kawai ba su yi lissafi sosai ba. Ko a kwanan baya, a ranar 7 ga Disambar 2025, da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Shugaba Patrice Talon a Kwatano, jiragen yaƙin Nijeriya ne suka kai ɗauki bisa roƙon gwamnatin Binin, domin rikici a Kwatano rikici ne a bakin iyakar Seme.

An kuma gwada aikin ba tare da Nijeriya ba, an ga sakamakon. A Gini Bisau a farkon shekarar 1999, ƙasashen Binin da Gambiya da Nijar da Togo sun tura sojoji kimanin 700 da tallafin Faransa. A watan Mayu aka hamɓarar da Shugaba João Bernardo Vieira rundunar tana gani, kuma ba da jimawa ba ta tattara ta fice.

To tunda babba ba zai iya guje wa biya ba, abin da ya rage masa shi ne ya sa a rubuta ƙa'ida. Abin da Amurka ta yi ke nan a NATO. A shekarar 2014, a taron da aka yi a Wales, ƙasashen ƙungiyar sun amince kowace ta nufi kashe kashi 2 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan harkar tsaro. A lokacin ƙasashe uku kacal suka cika wannan ma'auni: Amurka da Birtaniya da Girka. Ƙungiyar takan buga alƙaluman kowace ƙasa shekara-shekara, wanda ya gaza kowa ya gan shi. Bayan mamayar da Rasha ta kai wa Yukiren a 2022, yawancin ƙasashen sun cika ma'aunin, kuma a taron Hague na watan Yunin 2025 aka ɗaga shi zuwa kashi 5 cikin 100 nan da shekarar 2035. Har yanzu Amurka ce ke kashe kaso mafi tsoka, amma gardamar da ake yi a kan alƙaluma ake yin ta. ECOWAS ba ta da irin wannan ma'auni na tsaro da ake bugawa kowa ya gani.

Yawan mambobi ba shi ne ƙarfi ba

Akan ɗauka cewa idan aka ƙara yawan ƙasashe a cikin ƙawance, nauyi zai ragu a kan kowa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan gaskiya ne idan sabon hannun ya zo da ƙarfinsa. Tarihin ECOMOG ya nuna abin da kan faru idan bai zo da shi ba. A shekarar 1991 Sanigal ta tura sojoji Laberiya bayan Amurka ta ɗauki nauyin kayan aikinsu. Da mayaƙan Taylor suka kashe shida daga cikinsu a garin Vahun a 1992, sai ta janye a farkon 1993. Bayan yarjejeniyar Kwatano ta 1993 an faɗaɗa rundunar da sojojin Tanzaniya da Yuganda, bisa dogaro da wani asusun gudummawa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kuɗin bai wadatar ba, kuma a shekarar 1995 dukansu suka koma gida. Tutoci sun ƙaru na ɗan lokaci, amma takardar bashi ba ta bar teburin Nijeriya ba.

Kowane sabon mamba yana zuwa da abubuwa biyu: abin da zai zuba, da kuma iyakokin da za a tsare masa. Ɗan kasuwa ba ya karɓar sabon abokin tarayya sai ya duba jarinsa da basussukansa. NATO, wadda ta fara da ƙasashe 12 a 1949 ta kai 32, ta fitar da nazari kan faɗaɗawa a 1995 kafin ta karɓi Polan da Hangari da Jamhuriyar Cek a 1999, sannan ta tsara matakan da mai neman shiga zai bi. Da Finlan ta shiga a 2023, ta zo da iyaka mai tsawon kilomita 1,340 da Rasha, wadda ta ninka iyakar ƙungiyar da Rasha fiye da sau biyu. Amma ta zo da rundunar da ta daɗe tana shirin tsare wannan iyaka da kuɗinta. Suwidin da ta biyo baya a 2024 ta zo da masana'antun ƙera jiragen yaƙi.

A nan yankin, an fuskanci tambayar a shekarar 2017 lokacin da Maroko ta nemi shiga ECOWAS. Shugabannin ƙungiyar sun amince bisa manufa a taronsu na Monrobiya a watan Yuni, kafin a kammala nazarin abin da hakan zai haifar. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya ta tashi tsaye, tana nuni da cewa Maroko tana da yarjejeniyar ciniki ba tare da shinge ba da Tarayyar Turai, don haka kayan Turai za su iya biyowa ta can su cika kasuwannin Nijeriya. A taron Abuja na watan Disamba aka ɗage maganar. An tafka muhawara sosai kan ciniki, amma gefen tsaro bai samu irin wannan kulawa ba, alhali shiga ƙungiyar yana ɗauke da alkawarin kare juna, kuma Maroko tana da daɗaɗɗen rikici kan Yammacin Sahara, wadda Nijeriya ta amince da ita a matsayin ƙasa. 'Yan kasuwa ne suka taka birki a wancan karo, kuma wannan ya nuna cewa muryarsu tana da tasiri idan sun ɗaga ta da hujja.

Fita ma tana da farashi

Yanzu ƙungiyar raguwa ta yi. Muritaniya ta fice a shekarar 2000. Mali da Burkina Faso da Jamhuriyar Nijar sun ba da sanarwar ficewa a watan Janairun 2024, ficewar ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, aka bar ƙasashe 12. Ƙasashen uku sun kwashe fiye da rabin faɗin ƙasar da ƙungiyar take da shi. Mai lissafin gaggawa zai ce nauyi ya ragu, tunda can ne ta'addanci ya fi ƙamari. Amma 'yan bindiga ba sa duba takardar zama mamba. Nijeriya tana da iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 da Nijar, wadda ta ratsa jihohin Kabi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno. Barazanar tana nan yadda take, masu zuba harajin ƙungiya ne suka ragu da uku.

'Yan kasuwar Arewa sun riga sun ɗanɗani kuɗin wannan rabuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, aka kuma ba da umurnin shirya rundunar ko-ta-kwana a ranar 10 ga Agusta. Rundunar ba ta tashi ba, amma manyan motoci sun yi watanni a tsaye a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari sun ruɓe, cinikin dabbobi da hatsi tsakanin Maraɗi da Ƙonni da kasuwar Dawanau ya ja baya, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Wannan ma wani nau'in ɗaukar nauyin ƙawance ne, sai dai ba ya cikin kasafin kowace gwamnati. Direbobi da fatake da dillalai ne suka biya shi, kuma ba wanda ya tuntuɓe su kafin a yanke shawara.

Ƙasashen ukun sun kafa nasu ƙawance na Sahel a watan Satumbar 2023, da alkawarin kare juna. A watan Janairun 2025 sun ba da sanarwar rundunar haɗin gwiwa mai sojoji 5,000, a watan Maris kuma suka sanya harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su domin tafiyar da ƙawancen. Wato su ma sun iske cewa ƙawance ba ya tafiya sai da asusu, kuma asusun a wuyan ɗan kasuwa suka rataya shi.

A yankin Tafkin Cadi ma labarin ɗaya ne. Da aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta yaƙi da Boko Haram a shekarar 2015, mai hedkwata a Njamaina, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi alkawarin Dala miliyan 100, Nijeriya ta kuma riƙe kujerar kwamanda. Duk da haka, bayan harin Bohoma na watan Maris 2020 da ya hallaka sojojin Cadi kusan 100, Shugaba Idriss Déby ya koka cewa ƙasarsa ce kaɗai ke ɗauke da nauyin yaƙin. Nijar kuwa ta fice daga rundunar a watan Maris 2025. Idan babu ma'aunin da aka yarda da shi, mai ba da kuɗi yana ganin shi aka ƙwara, mai ba da jini ma yana ganin shi aka ƙwara, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa.

Ita ma Nijeriya da sauranta

Adalci ya buƙaci a faɗi cewa Nijeriya ba ta cika nata alkawari a kowane lokaci ba. A taron shugabanni na watan Disambar 2024 a Abuja, shugaban hukumar ECOWAS, Dakta Omar Alieu Touray, ya sanar cewa Nijeriya ta biya Naira miliyan dubu 85 da Dala miliyan 54 na harajin ƙungiya, ya kuma ce wannan ne karo na farko cikin shekaru 19 da ta biya kasonta cikakke. An yi tafi, kuma ya cancanci tafi. Amma ɗan kasuwa yana da tambaya: a duk tsawon waɗannan shekaru ana karɓar harajin daga hannunsa a tashoshin ruwa da na sama, to ina ragowar yake maƙalewa? Uwar adashin da ba ta zuba nata a kan kari ba, ba ta da bakin tsawata wa masu jinkiri.

Dogaro da 'yan waje kuma ba mafita ba ce mai ɗorewa. Rundunar ƙasashe biyar na Sahel da aka kafa a 2017 ta rayu ne bisa alkawuran masu ba da agaji, ta kuma wargaje bayan ficewar Mali a 2022 da ta Burkina Faso da Nijar a 2023. A watan Disambar 2023 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya ba da damar Majalisar Ɗinkin Duniya ta biya har kashi 75 cikin 100 na kuɗin ayyukan kiyaye zaman lafiya da Tarayyar Afirka ke jagoranta. Sai dai kowane aiki sai Kwamitin ya amince da shi daban, kuma a 2025 Amurka ta ƙi yarda a yi amfani da ƙudurin ga rundunar Somaliya. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da ba a ɗora ta ba da yunwa zai kwana.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a tsara ma'auni a rubuce wanda zai raba kuɗin runduna bisa girman arzikin kowace ƙasa, da mafi ƙarancin abin da kowa zai zuba komai ƙanƙantarsa, da kuma iyakar abin da za a ɗora wa ƙasa ɗaya. A ƙiyasta gudummawar sojoji da sansani da jiragen jigila da kuɗi, a cire daga kason mai bayarwa, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya take biyan ƙasashe sama da Dala 1,400 a wata kan kowane soja. Ta haka mai ba da jini da mai ba da kuɗi za su hau sikeli ɗaya.

Na biyu, kada a ƙara ko kwabo a kan harajin shigo da kaya sai an karɓo bashin da ke kan gwamnatoci, an kuma fara buga abin da hukumar kwastan ta kowace ƙasa ta tara da abin da ta miƙa, shekara-shekara. Harajin shigo da kaya yana faɗawa kan injinan masana'antu da magunguna da kayan gyara. Ƙara shi domin rufe giɓin da gwamnatoci suka haddasa hukunta mai biya ne saboda laifin mai riƙewa.

Na uku, kuɗin tsaro su zauna a asusu na daban wanda masu binciken kuɗi masu zaman kansu za su riƙa dubawa. A gida kuma, sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Dattawa ikon amincewa da tura sojoji yaƙi a wajen ƙasa, kuma ta nuna a watan Agustan 2023 cewa tana iya ƙin goyon bayan amfani da ƙarfi. Ya dace ta mai da shi al'ada cewa duk buƙatar tura sojoji ta zo da ƙiyasin kuɗi, da tsawon lokaci, da bayanin wanda zai biya.

Na huɗu, duk wanda zai shigo ko zai dawo, Maroko ce ko ƙasashen Sahel, a yi nazarin kuɗi da na tsaro tukuna, a buga shi, sannan shugabanni su yanke shawara. Haɗin kai da Yamai kan tsaron iyaka abu ne da Nijeriya take buƙata ko Nijar tana cikin ECOWAS ko ba ta ciki, kuma ana iya ƙulla shi da yarjejeniya ta musamman mai bayyana aikin kowa. Hakazalika, a daina mai da rufe iyaka makamin farko a duk lokacin da gwamnatoci suka saɓa.

Na biyar, cibiyoyin ciniki da masana'antu na Kano da Kaduna da Abuja da Legas, da ƙungiyoyin masu shigo da kaya da na masu motocin sufuri, su nemi a saurare su kafin ministoci su kammala tsarin kuɗin rundunar. Hedkwatar ECOWAS a Abuja take, ma'aikatun kuɗi da na tsaro da Majalisar Tarayya ma duk a nan suke, don haka babu uzurin nisa.

Afirka ta Yamma tana buƙatar runduna ta haɗin gwiwa, kuma jinkirin kafa ta yana cin rayuka da dukiya. Amma yarjejeniyar 1981 ta nuna cewa alkawarin da ba shi da asusu taron tsintsiya ne babu shara, shekarun ECOMOG kuma sun nuna wanda ake bari da biyan bashi idan ba a rubuta kason kowa ba. Masu biyan harajin kashi 0.5 cikin 100 suna da haƙƙin ganin wannan rubutu kafin a sake miƙo musu takarda.